ALƘALI DA TALAKA: ABIN DA NA GANI A HUTUN BARA



Da farko ina miƙa godiyata ga Malaminmu na Hausa, wanda ya ba mu fili a wannan mujalla, ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa ko ya ji daga bakin manya. Ni mutumin Birnin Tudu ne, a ƙasar Bakura. Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne halin da ya kamata alƙali ya kasance da shi, da kuma wahalar da talaka yake sha kafin kukansa ya kai gaban shari'a. Na san wani zai ce, ina ruwan yaro ɗan shekara 16 da maganar alƙalai? Ni ma da haka na ɗauka, sai ga shi hutun bara ya kai ni kotu, ba kuwa don na yi wa kowa laifi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

GONAR GOGGO

Goggona, wato ƙanwar mahaifina, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, babbansu bai kai ni ba. Abin da ya bar musu shi ne gida, da 'yan awaki, da gona guda ɗaya a bakin magudanar ruwan Bakolori, inda ake noman shinkafa damina da rani. Shekara uku kafin rasuwarsa ciwo ya kwantar da shi, sai ya karɓi kuɗin magani a hannun wani attajiri mai sayen shinkafa, ya jinginar masa da gonar, bisa cewa duk ranar da aka mayar da kuɗi za a mayar da gona. Ba a rubuta kome ba, don a lokacin ana ganin amana ta wadatar.

Bayan Goggo ta fita takaba, mahaifina da ƙannensa suka harhaɗa kuɗin, suka kai wa attajirin. Sai ya ce shi bai san zancen jingina ba, sayen gonar ya yi. Aka kai magana gaban mai unguwa, aka kai gaban dattawa, aka yi ta neman sulhu, ya ƙi. Da aka rasa yadda za a yi, sai Goggo ta kai ƙara kotun shari'a da ke cikin gari.

Da na zo hutu sai na tarar an riga an zauna sau biyu. Mahaifina aikin gona ya yi masa yawa, sai ya ce mini, "Kai da kake karatun boko, kai za ka riƙa raka goggonka, ka karanta mata takarda, ka kuma riƙe ranar da aka sa."

A nan na fara sanin cewa kai ƙara yana da tsada tun ba a ga alƙali ba. Akwai kuɗin mota zuwa da dawowa. Akwai kuɗin sammaci. In kana da shaidu, kai za ka ɗauko su, kai za ka ciyar da su, ka kuma roƙe su su bar aikinsu na ranar. Ga hanya ba lafiya saboda 'yan bindiga, tilas mutum ya jira rana ta ɗaga kafin ya fita, ya kuma yi ƙoƙari ya koma gida kafin la'asar sakaliya. A gindin bishiyar da ke ƙofar kotun na ga mata masu neman a ciyar da 'ya'yansu, da wani tsoho mai rigimar iyaka, da wani makiyayi da ake ƙara a kan ɓarna. Kowa ya yi tagumi yana jiran a kira sunansa.

Ranar farko da na shiga, Goggo ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Da attajirin ya shigo sai aka jawo masa kujera. Alƙali ya gaishe shi, ya tambaye shi iyali da kasuwa. Sa'an nan ya dubi Goggo ya ce, "Ke, faɗi maganarki, ki yi sauri, mutane na jira." Wallahi duk maganar da ta kwana tana shiryawa sai ta ɓace mata. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, gonar marayu ce," sai murya ta sarƙe. Aka ɗage shari'a.

Ranar da muka koma aka ce Alhaji ya yi tafiya, aka sake ɗagewa. Zama na gaba motarmu ta lalace a hanya, muka makara, sai aka yi mana faɗa, aka ce in muka ƙara za a kori ƙarar. Har na koma makaranta ba a saurari shaida ko ɗaya ba, Goggo kuwa ta sayar da akuya biyu.

A nan dole in yi adalci ni ma. Ban ga an ba alƙalin nan ko anini ba, ba kuma zan ɗauki alhakinsa ba. Abin da na gani kujera ce da gaisuwa da tsawa. Amma abin da ya dame ni shi ne, a hanyar komawa gida Goggo ta ce mini, "Ɗan nan, mu haƙura kawai. Wa ya taɓa ganin irinmu sun ci irinsu?"

ABIN DA LITTATTAFAI SUKA CE

Da na dawo makaranta maganar nan ta hana ni sukuni. Sai na je wurin Malaminmu na Addini na kwashe labari na gaya masa, na tambaye shi ko haka shari'ar Musulunci ta ce a yi. Ya ce in zauna. Abin da ya koya mini a 'yan kwanakin nan shi ne zan taƙaita muku.

Abu na farko, daidaita masu shari'a. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari wasiƙa a kan aikin alƙalanci, wadda malamai suke karantarwa har yau. A ciki ya umarce shi ya daidaita mutane a wurin zamansu, da yadda yake dubansu, da yadda yake yanke musu hukunci, don kada babba ya sa rai za a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da rai ga adalci. Da na ji haka sai na tuna da kujerar nan. Ashe ko da alƙali bai karɓi kome ba, in ya sakar wa wani fuska ya ɗaure wa wani, ya riga ya taɓa ma'aunin. Wanda aka yi wa tsawa ba zai iya faɗin hujjarsa yadda ya kamata ba, kamar yadda ya faru ga Goggo.

Ana ba da labarin Sayyidina Ali, lokacin yana Halifa, ya ga sulkensa a hannun wani mutum wanda ba Musulmi ba. Bai aika dogarai su ƙwato ba, sai ya kai ƙara wurin alƙali Shuraihu. Alƙalin ya nemi shaidu, ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ya bar wa mutumin sulke. Shugaban Musulmi duka ya sha kaye a gaban alƙalin da yake ƙarƙashinsa, ya kuma yarda.

Abu na biyu, kyauta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa aiken wani mutum karɓar zakka. Da ya dawo sai ya raba kayan biyu, ya ce wannan na baitulmali ne, wannan kuwa kyauta aka yi masa. Annabi ya yi masa faɗa, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba wanda zai kawo masa kyautar. Saboda haka malamai suka ce alƙali kada ya karɓi kyauta daga mai shari'a a gabansa, ko da an kira ta gaisuwa, ko tsaraba, ko goron Salla. Mu ma muna da karin magana a kan haka, in baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Abu na uku, halin da alƙali yake ciki lokacin hukunci. An hana shi yanke hukunci yana cikin fushi. Malamai suka haɗa da tsananin yunwa da ƙishirwa da barci, don duk suna rufe tunani. An kuma hana shi yin shari'ar da ta shafi kansa ko iyayensa ko 'ya'yansa.

Abu na huɗu, sanin aikin. Ƙa'ida ita ce mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musanta kuma shi ke rantsuwa. Amma Malam ya ce gane wane ne mai da'awa shi ne rabin alƙalanci, don ba kullum wanda ya fara kai ƙara ne mai da'awa ba. Akwai kuma abin da ake kira i'izari, wato kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa, a gaban shaidu, ko yana da sauran hujja. Alƙalanmu na Malikiyya suna samun waɗannan ƙa'idoji a littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, mutumin Andalus.

Daga ƙarshe Malam ya gaya mini cewa hadisi ya kasa alƙalai kashi uku, kashi ɗaya ne kawai zai tsira, shi ne wanda ya san gaskiya ya kuma yi hukunci da ita. Wanda ya sani ya kauce, da wanda ya yi hukunci da jahilci, duk sun halaka. Don tsoron wannan ne magabata da yawa suka guji kujerar. Imamu Abu Hanifa har kurkuku ya shiga a kan ya ƙi karɓar alƙalanci.

YADDA KOTUNANMU SUKA SAMU

Maganar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan zamaninsa da su, a littafinsa Kitabul Farƙ, akwai karɓar gaisuwa, da cin hanci a wurin shari'a, da fifita mai dukiya a kan matalauci. Wato gyaran shari'a yana cikin dalilan jihadin 1804. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam lokacin da ya sauka Kano, don ya nuna wa masu mulki da alƙalai iyakokinsu.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun bar su ƙarƙashin sarakuna, amma suka hana hukunci irin su yanke hannu. A 1960 aka fara aiki da sabon kundin laifuffuka na Jihar Arewa, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Malam Abubakar Gumi, mutumin Gummi a nan Zamfara, ya riƙe shugabancinta daga 1962 zuwa 1975. A 1968 kuma aka raba kotunan alƙalai da En'e, suka koma hannun gwamnatocin jihohi, saboda an daɗe ana kukan cewa ana amfani da su wajen danne 'yan hamayya da talakawa.

An fitar da Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, aka fara aiki da dokar laifuffuka ran 27 ga Janairu 2000. Daga nan wasu jihohi 11 na Arewa suka bi sahu. Mahaifina yana cikin waɗanda suka je Gusau ranar. Ya ce bai taɓa ganin taro irin wannan ba, kuma abin da ya kai yawancinsu shi ne fatan cewa daga yau babba da yaro sun zama ɗaya.

HANNUN JANGEBE

A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Talata Mafara saboda satar saniya. Shi ne mutum na farko da aka yi wa haka. A 2001 aka yanke na Lawal Isa saboda satar kekuna. Duk duniya ta ji labari. Amma tun a lokacin mutane suka fara tambaya a kasuwa da majalisu: to, wanda ya sace kuɗin asibiti ko na makaranta fa? A 2004 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan kotunan shari'a na Arewa, inda ta nuna cewa yawancin waɗanda aka yanke wa hukunci mai tsanani talakawa ne, da yawansu kuma ba su da lauya lokacin da aka yi musu shari'a.

Na tambayi Malam a kan wannan. Ya ce ba sai mun jira baƙi sun gaya mana ba, don addini ya riga su. A zamanin Annabi wata mata 'yar babban gida daga Banu Mahzum ta yi sata. Danginta suka roƙi Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci. Annabi ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun da suka gabata shi ne ƙyale babba in ya yi sata da hukunta mai rauni, ya kuma nuna cewa ko 'yarsa ce ba za a bambanta ta ba. Haka kuma Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Malamai sun sa sharuɗɗa da yawa kafin a yi haddi. Sai abin da aka sata ya kai nisabi, sai an ɗauke shi daga ma'ajiyarsa, kuma duk inda aka sami shubuha haddi ya faɗi.

Shari'o'i biyu sun nuna amfanin bin waɗannan ƙa'idoji. A 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta a watan Maris na 2002. Haka Amina Lawal a Jihar Katsina, wadda aka sallama a watan Satumba na 2003. Alƙalan sama sun duba littattafan shari'a ne suka ga alƙalan ƙasa sun tsallake matakai. Amma ku lura, matan nan biyu sun sami lauyoyi da ƙungiyoyi da suka tsaya musu. Ina tunanin nawa ne irinsu a ƙauyuka da ba su ma san ana ɗaukaka ƙara ba.

IN AKA RUFE ƘOFA

Mu mutanen Birnin Tudu mun san abin da yake faruwa in mai kuka ya rasa inda zai kai kukansa. An gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, a kan Gulbin Sakkwato. An tashi garuruwa, an karɓi gonaki, an yi alkawarin diyya. Manoma suka yi ta kai koke cewa wasu ba a biya su ba, wasu an rage musu, wasu kuma an ba su ƙasar da ba ta nomuwa. Da suka gaji sai suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka afka musu. Gwamnati ta ce mutane kaɗan ne suka mutu, masu bincike kuwa suka kawo adadin da ya wuce 380. Kakana yana raye lokacin. Har ya rasu ba ya son a ta da zancen da dare. Abin da yakan ce shi ne, da an sami wanda ya zauna ya saurare su tun da wuri, da ba a kai ga haka ba.

Haka kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi Maradun da Bakura da Mafara, wadda ta kai ga sace 'yan mata 'yan makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021. Ba abin da zai halatta kisa da satar mutane. Amma dattawa da yawa, manoma da makiyaya, suna cewa cikin tushen abin akwai rigingimun gona da burtali da aka yi ta yanke wa hukuncin son kai. Manomi ya ga an yi masa ɓarna ba a biya shi ba, makiyayi ya ga an ci shi tarar da ta fi ɓarnar nesa ba kusa ba, kowa ya koma gida da ƙulli a zuciya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

YADDA SHARI'AR GOGGO TA ƘARE

Da na koma gida hutun Disamba sai na tarar an yi wa alƙalin farko canjin wurin aiki, an kawo wani. Goggo ta ce ita ba za ta sake komawa ba. Mahaifina ya yi ta lallashinta, ni ma na gaya mata abin da Malam ya koya mini, da ƙyar ta yarda.

Da muka shiga, aka kira su. Attajirin ya nufi kujera, sai sabon alƙalin ya ce, "Alhaji, ga benci nan. Kai ka zauna wannan gefe, ita ta zauna wancan." Sa'an nan ya dubi Goggo ya ce, "Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Yau ba inda za ni sai na ji maganarki." Goggo ta yi bayani tun daga ciwon mijinta har zuwa ranar da aka mayar da kuɗi aka ƙi karɓa, ba wanda ya katse ta.

Alƙali ya juya ga attajirin ya ce, "Gonar nan asalinta ta wace ce?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ta marigayi ce, amma na saya."

Alƙali ya ce, "To, tun da ka yarda tasa ce, kai ne mai da'awar ciniki. Kawo shaidun da aka yi cinikin a gabansu."

Sai na tuna da maganar Malam a kan gane mai da'awa. Wata da watanni ana ta matsa wa Goggo ta kawo hujja, ashe nauyin hujjar a wuyan wancan yake. Attajirin ya ce ai shekara uku yana noma gonar ba wanda ya yi magana. Alƙali ya ce shekara uku ba ta kai hauzi ba, kuma abin da aka riƙe da sunan jingina daɗewa ba ta mayar da shi mallaka. Ya ba shi mako biyu. Ranar da aka koma ya kawo mutum ɗaya, wanda da aka tambaye shi ya ce shi dai ya ga an ba da kuɗi, amma bai ji an ambaci ciniki ba. Wani tsohon maƙwabci kuma ya shaida cewa a gabansa marigayi ya ce jingina ce. Alƙali ya yi wa attajirin i'izari, ya ce ba shi da sauran magana. Aka rantsar da wanda ya kamata a rantsar, aka ƙirga masa kuɗinsa a gaban kowa, aka mayar wa magada gonarsu. Alƙali ya kuma gaya masa cewa in bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara.

Daga baya muka ji a bakin mutanen gari cewa an kai buhun shinkafa gidan alƙalin nan da dare, ya sa aka mayar a kan babur ɗin da ya kawo shi. Goggo ma da ta so ta kai masa zakara don godiya, mahaifina ya hana ta, ya ce kada ta ɓata wa bawan Allah aikinsa.

Gona ta dawo, mun gode Allah. Amma damina ta wuce, lokacin dashen rani ma ya kusa ƙurewa, awaki biyu sun tafi, kuma babban ɗanta ya yi zango ɗaya bai je makaranta ba. Waɗannan ba kotun da za ta mayar mata da su. Littafi ɗaya alƙalan nan biyu suke aiki da shi, a ɗaki ɗaya, a kan kujera ɗaya.

'YAR SHAWARA

Ni yaro ne, ba ni da ikon koya wa manya aikinsu, amma ga abin da nake gani.

Ga hukuma, a riƙa zaɓen alƙalai bisa ilmi da hali, a biya su albashin da zai ishe su, su da ma'aikatansu, don kada yunwa ta sa su duban hannun mutane. Masu duba kotuna su riƙa zuwa ƙauyuka ba tare da sanarwa ba. A rubuta kuɗin sammaci da sauran kuɗaɗen kotu da Hausa da ajami a manna a ƙofa, a kuma ba da rasiɗi. A sa iyaka ga yawan ɗage shari'a, musamman ta marayu da ta gona in damina ta kawo kai.

Ga iyayenmu, duk jingina ko aro ko ciniki a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Da an yi haka da Goggo ba ta taka ƙofar kotu ba. Kuma wanda ya san gaskiya kada ya ɓoye shaida don tsoron mai kuɗi.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, mu ne masu karanta wa iyayenmu takarda. Ya kamata mu san cewa hukuncin ƙaramar kotu ba shi ne ƙarshe ba. Akwai babbar kotun shari'a, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau, har a kai Kotun Ƙoli a Abuja, amma akwai wa'adi, in ya wuce an sha wuya. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci. Akwai kuma hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa hali lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, da hukumar karɓar koke-koken jama'a ta 1975. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sa'an nan mu dubi kanmu. A nan makaranta muna da shugabannin ɗalibai masu sa horo. In ɗan ajinku ya makara ka kau da kai, ɗan aji ɗaya ya makara ka sa shi yankan ciyawa, to ka fara jawo wa Alhaji kujera ke nan tun ba ka zama alƙali ba. Ni kaina na taɓa yin haka a ɗakin kwananmu, kuma tun da na dawo daga hutun nan na daina.

Da can burina in zama injiniya. Yanzu kuwa, in Allah ya yarda na ci jarrabawa, shari'a nake so in karanta. Da na gaya wa Goggo sai ta yi dariya ta ce, "To, ɗan nan, in ka zama, ka sa a yi benci mai tsawo."

Nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina roƙon malamaina su gyara mini. Allah ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.

Haza wasalam.

Daga wani ɗalibin Aji Biyar, mutumin Birnin Tudu.